Tsakuwar maƙogwaro: Zama da ita ko shiga tiyata?

Mutane da dama sun taɓa yin tari ko kaki sai wani ɗan dunƙulen abu fari, ko mai ruwan ɗorawa, ya faɗo musu a baki. Girmansa bai wuce na ƙwayar gero ko ta dawa ba, amma idan aka murtsuke shi da yatsa sai ya yi wani irin wari mai tayar da zuciya.

Wannan abu shi ne likitoci ke kira tsakuwar tonsil. Ba kasafai yake zama haɗari ga rai ba, sai dai yana iya hana mutum sakewa a cikin jama'a na tsawon shekaru, har ya kai ga roƙon likita ya yi masa tiyata.

Tiyatar tana raba mutum da tsakuwar baki ɗaya, wannan babu shakka. Abin da likitoci ke dubawa shi ne ko damuwar ta kai a ɗauki zafi da haɗarin da ke tattare da aikin.

Mene ne tonsil?

Idan mutum ya buɗe baki sosai a gaban madubi ya danne harshe, zai ga wani ɗan nama yana reto daga ganɗa a tsakiya. Wannan shi ne belu, ko hakin wuya. A gefensa na dama da na hagu kuma akwai wasu ƙullutan nama biyu masu kama da ƙwallon dabino. Su ne tonsil.

Bambance waɗannan biyu yana da muhimmanci, domin a ƙasar Hausa akan haɗa su a zance, kusan duk ciwon da ya tashi a maƙogwaro sai a ɗora wa belu laifi.

Tonsil wani ɓangare ne na garkuwar jiki. Tare da wani naman mai kama da shi da ke can bayan hanci, da wani a gindin harshe, suna kewaye mashigar abinci da ta numfashi kamar zobe. Wani masanin sassan jiki Bajamushe, Wilhelm Waldeyer, shi ne ya bayyana wannan zobe a shekarar 1884, kuma da sunansa ake kiransa har yau.

Aikinsu shi ne tarar ƙwayoyin cutar da ke shigowa ta baki da hanci, su gabatar da su ga sauran garkuwar jiki domin ta san su. Sun fi aiki a lokacin ƙuruciya, shi ya sa suke da girma a wurin yara, sannan su soma raguwa bayan balaga.

Saman tonsil ba sumul yake ba. Yana da ramuka da lunguna masu zurfi, waɗanda yawansu kan kai goma zuwa talatin a kowane ɗaya. Waɗannan ramuka ne ke ba shi damar kama ƙwayoyin cuta, kuma a cikinsu ne tsakuwar ke samuwa.

Yadda tsakuwar ke haɗuwa

Ɓurɓushin abinci, da majinar da ke gangarowa daga bayan hanci, da matattun ƙwayoyin fatar baki, duk suna iya maƙalewa a cikin ramukan. Ƙwayoyin cuta na bakteriya sai su yi gida a kansu.

A farko abin yana da laushi kamar cukwi. Idan ya daɗe a wurin, sinadarin kalsiyam da ke cikin yawu yakan taru a jikinsa har ya yi tauri. Daga nan sunan tsakuwa ya samo asali, ko da yake yawancin waɗanda mutane ke kakarowa ba su kai ga taurin dutse ba.

Warin kuwa daga ƙwayoyin cutar yake. Irin waɗanda ke rayuwa a wurin da iska ba ta isa ne, kuma a yayin da suke cin abin da ya taru suna fitar da iska mai sinadarin farar wuta, irin wadda ake ji a ruɓaɓɓen ƙwai.

An fi samun matsalar a wurin matasa da manya fiye da ƙananan yara, musamman waɗanda suka sha fama da kumburin tonsil. Duk lokacin da naman ya kumbura ya warke yakan bar tabo, tabon kuma ya ƙara wa ramukan zurfi da faɗi. Masu yawan mura da toshewar hanci, da masu numfashi ta baki cikin barci, da masu shan taba, su ma sun fi fuskantar ta.

Bushewar baki na ƙara tsananta ta, domin yawu ne ke wanke maƙogwaro. Don haka wasu kan lura cewa abin ya fi damunsu a lokacin hunturu ko a watan azumi.

Akan ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na samun tsakuwar a wani lokaci na rayuwarsa. Da yawa ba su ma san suna da ita ba, sai dai a gan ta a hoton da aka ɗauka saboda haƙori ko wata larura dabam. Wasu kuma suna haɗiye ta da abinci ba tare da sun ji ba, kuma hakan ba ya cutarwa.

Abin da mai ita ke ji

Alamar da aka fi sani ita ce warin baki wanda aswaki da buroshi ba sa kawar da shi. Akwai kuma ɗanɗano marar daɗi a bayan harshe, da jin kamar wani abu ya maƙale a maƙogwaro, da tari busasshe, wani lokacin har da ɗan zafi wajen haɗiya.

Wasu kan ji ciwon kunne alhali kunnen lafiyarsa ƙalau. Dalili shi ne jijiya ɗaya ce ke ɗaukar saƙon zafi daga tonsil da kuma wani sashe na kunne, sai ƙwaƙwalwa ta kasa tantance inda zafin ya fito.

Amma ga mafi yawan masu fama da ita, nauyin ba a jiki yake ba. Warin baki abu ne da mutane ke jin nauyin faɗa wa mai shi, ko da kuwa miji ne da mata. Sai dai mutum ya lura ana kawar da kai idan yana magana, ko ana ɗan ja da baya. Malamin makaranta, da ɗan kasuwa, da ma'aikaciyar jinya, da duk wanda sana'arsa ta magana ce da jama'a kusa da kusa, yakan shiga takura. Wasu sukan koma rufe baki da hannu, wasu su rage shiga taro, wasu kuma ba sa rabuwa da kanumfari ko cingam a aljihu.

Akwai kuma zargin ƙazanta, wanda sau da yawa ba gaskiya ba ne. Mutum zai iya zama mai tsananin tsaftar baki amma yana da tsakuwar, domin matsalar daga ƙirar ramukan take, inda buroshi ba ya kai wa.

Sai dai likitocin haƙori na jan hankali kan wani abu. Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na warin baki daga cikin bakin kansa yake fitowa, wato daga dattin da ke bayan harshe, da ciwon dasashi, da ruɓewar haƙori. Kason tonsil ɗan kaɗan ne. Mutum zai iya samun tsakuwar, amma ba ita ce ke kawo masa warin ba. Irin wannan ko an cire masa tonsil warin yana nan, ga kuma wahalar tiyata ya sha. Saboda haka zuwa wurin likitan haƙori shi ne matakin farko, kafin a soma zancen fiɗa.

Ba kowane fari ne tsakuwa ba

Tsakuwa dunƙule ce, tana zaune cikin rami, kuma ba ta zuwa da zazzaɓi. Idan farin abu ya bayyana a maƙogwaro tare da zazzaɓi da ciwo mai tsanani, to magana ta canza.

Zai iya zama kumburin tonsil mai mugunya. Wani nau'insa, wanda ƙwayar cutar sitireptokokus ke haddasawa, idan ba a yi maganinsa ba yana iya taɓa bawul ɗin zuciyar yaro daga baya, kuma wannan larura har yanzu tana da yawa a ƙasashen Afirka.

Zai iya kuma zama mashaƙo, cutar da ta ɓarke a Najeriya daga ƙarshen shekarar 2022, ta fi ƙamari a jihar Kano a 2023, ta kuma shafi wasu yankunan Jamhuriyar Nijar. Mashaƙo na shimfiɗa wata fata mai ruwan toka a maƙogwaro, wadda ke manne da nama, idan aka kankare ta sai jini ya fito. Wuya kan kumbura, numfashi ya yi wahala. Yaron da aka ga haka a tare da shi asibiti za a kai shi nan take, ba a taɓa maƙogwaron da komai.

Idan kuma gefe ɗaya ya kumbura ƙwarai, mutum ya kasa buɗe baki, murya ta canza, yawu na dalala, to ƙurji ne mai mugunya a bayan tonsil, kuma sai likita ya fasa shi.

Ga manya, musamman masu shan taba, idan tonsil ɗaya ya fi ɗan'uwansa girma, ko aka ga gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba, ko ƙullutu a wuya, ko jini a cikin kaki, wajibi ne a bincika domin kawar da zargin sankara.

Kula da kai a gida

Mafi yawan tsakuwar da kanta take faɗowa. Abin da likitoci suka fi ba da shawara a kai mai sauƙi ne: a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kurkure maƙogwaro da shi bayan cin abinci da kuma kafin kwanciya. Yana sassauta abin da ya maƙale, yana kuma rage kumburi.

Sai yawan shan ruwa, da goge haƙora safe da dare, da kankare bayan harshe a hankali, da neman maganin mura ko toshewar hancin da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Barin taba na taimakawa ƙwarai.

Wasu kan yi amfani da sirinji marar allura su fesa ruwa a ramin, ko su danna gefensa da tsinken auduga mai jiƙe. Idan an yi a hankali, a wuri mai haske, yakan yi aiki. Amma naman tonsil na da jijiyoyin jini da yawa, kuma ba shi da wuyar fashewa. Tsinken sakace, da allura, da fil, da kan biro, da farce, duk abubuwa ne da ke jawo rauni. Raunin kuma idan ya warke tabo yake bari, tabon ya zama sabon mazaunin tsakuwa. Akwai masu zama gaban madubi kullum suna tonon maƙogwaro har abin ya zame musu ɗabi'a, kuma da yawansu tonon ne ke sa musu ciwon da suke kuka da shi.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, ba sa narkar da tsakuwa. Za su iya rage wari na 'yan kwanaki, amma da an daina sha sai ya dawo, ga kuma haɗarin ƙwayoyin cuta su saba da maganin.

Tsohuwar tiyata

Cire tonsil na daga cikin ayyukan fiɗa mafi daɗewa a tarihi. Marubucin nan na Rum, Selsus, ya bayyana a ƙarni na farko Miladiyya yadda ake ɓanɓare naman da yatsa, ko a kama shi da ƙugiya a yanke, sannan a kurkure baki da ruwan tsami.

Abul Ƙasim al-Zahrawi, babban likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayanin aikin a littafinsa al-Tasrif, tare da zanen kayan aikin, har da abin danne harshe da wani mai kama da almakashi. Ya kuma yi gargaɗin cewa akwai irin kumburin da bai kamata a taɓa shi da ƙarfe ba, saboda tsoron zubar jini.

A shekarar 1828 wani likita a Filadelfiya ta Amurka, Philip Physick, ya gyara wani ƙarfe da ake yanke belu da shi, ya mayar da shi na yanke tonsil cikin sauri. A wancan zamani babu maganin sa barci, don haka sauri shi ne komai.

Farkon ƙarni na 20 ne aikin ya zama ruwan dare a Turai da Amurka. Likitoci da yawa sun yi imani cewa tonsil matattarar guba ce da ke jawo cututtuka a sauran sassan jiki, sai aka riƙa cire wa yara ko da lafiyarsu lau.

Wani bincike da aka yi a birnin New York a 1934 ya nuna inda abin ya kai. An ɗauki yara 1,000 'yan shekara 11, aka tarar an riga an cire wa 611. Ragowar 389 aka kai su gaban likitoci, suka ce 174 na buƙatar tiyata. Waɗanda aka ce lafiyarsu ƙalau aka sake kai su gaban wasu likitocin da ba su san an duba su ba, su ma suka zaɓi kusan rabi. Aka maimaita karo na uku, sakamakon bai canza ba. A ƙarshe yara 65 kacal suka rage waɗanda babu likitan da ya ce a yi musu aiki.

A Ingila ma, wani jami'in lafiya mai suna Alison Glover ya nuna a 1938 cewa yawan tiyatar ya bambanta ninki-ba-ninki tsakanin gunduma da maƙwabciyarta, ba don yaran wata sun fi na wata ciwo ba, sai don ra'ayin likitocin wurin. Ya kuma lura cewa 'ya'yan masu hali sun fi shan wuƙar.

Duk da haka ba a daina ba nan da nan. A shekarar 1959 kaɗai an yi irin wannan tiyata kusan miliyan 1.4 a Amurka. Sai bayan da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka wadata, aka kuma soma neman hujja kafin fiɗa, sannan adadin ya riƙa sauka.

Wa ya cancanci a yi wa?

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a yau ya fito ne daga binciken da Jack Paradise da abokan aikinsa suka wallafa a Pittsburgh a 1984. Ana duba yiwuwar tiyata idan mutum ya yi fama da kumburin tonsil mai tsanani sau bakwai a shekara ɗaya, ko sau biyar a kowace shekara har shekara biyu, ko sau uku a kowace shekara har shekara uku a jere.

Dalili na biyu, wanda a wasu ƙasashe ya zama na farko a wurin yara, shi ne girman tonsil har ya tare numfashi cikin barci. Irin wannan yaro yakan yi minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya riƙa ɗaukewa, ya tashi a gajiye. Sai kuma ƙurjin bayan tonsil da ke maimaituwa, da zargin sankara.

Game da manya, wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2023 ya bi mutum 453 masu yawan kumburin tonsil na tsawon shekara biyu. Waɗanda aka tura tiyata sun yi kimanin kwana 23 na ciwon maƙogwaro, waɗanda aka bari a kan magani kuma kwana 30. Akwai riba, amma ba ta kai yadda mutane ke zato ba.

Tsakuwa ita kaɗai ba ta cikin manyan dalilan. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro sukan yarda su yi aikin saboda ita ne kawai idan ta daɗe tana dawowa, an gwada sauran hanyoyi sun gaza, an tabbatar warin ba daga haƙori ko harshe yake ba, kuma ta takura wa rayuwar mutum a fili. A irin wannan hali shawarar ta marar lafiya ce, bayan an yi masa bayani dalla-dalla.

Akwai hanya ta tsakiya, inda ake amfani da hasken leza ko wata na'ura a shafe bakin ramukan, ko a rage naman ba tare da an cire shi duka ba. Zafinta bai kai na cikakkiyar tiyata ba, sai dai tsakuwar na iya dawowa, kuma ba kowane asibiti ke da kayan aikin ba.

Ranar aiki da makonni biyu na bayansa

Ana yin aikin ne ta cikin baki bayan an sa mutum barci, babu yanka a fatar wuya. Yakan ɗauki minti 30 zuwa 45. Wasu likitocin na amfani da wuƙa da zare, wasu da na'urar da ke yanka tana ƙona jijiyoyin jini. Akan sallami mutum a ranar, ko ya kwana ɗaya.

Kafin nan ana gwada jini. Wajibi ne marar lafiya ya faɗa wa likita idan jininsa na da wuyar tsayawa, ko akwai mai irin wannan a danginsa, ko yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Masu cutar sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, suna buƙatar shiri na musamman, wani lokacin har da ƙarin jini kafin a shiga ɗakin tiyata.

Aikin kansa ba shi ne wahalar ba, jinyar ce. Yara kan murmure cikin mako guda zuwa kwana goma, amma manya na buƙatar mako biyu cur, kuma zafin da suke ji ya fi na yara nesa ba kusa ba. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ciwon ba raguwa yake yi a jere ba. Sau da yawa kwana na farko da na biyu sun fi sauƙi, sai ya tsananta daga kwana na uku zuwa na bakwai, ya haɗa da kunne.

Inda aka cire naman yakan rufe da wani farin ɓawo. Wannan ba mugunya ba ce, alamar warkewa ce, kuma ba a kankare shi. A waɗannan kwanaki baki kan yi wari fiye da na da, abin da kan tayar da hankalin wanda warin ne ya kai shi tiyata. Yana gushewa idan ɓawon ya faɗi.

A da akan ce a tsaya kan abinci mai ruwa-ruwa kawai. Yanzu likitoci da yawa na ƙarfafa a koma cin abinci na yau da kullum da wuri, domin tauna da haɗiya na tsaftace wurin, suna kuma hana naman maƙogwaro ɗaurewa. Abin da za a guje wa shi ne yaji, da abu mai tsami, da mai zafi ƙwarai. Kunu da koko a bari su huce. Shan ruwa a kai a kai wajibi ne ko da yana da zafi, don haka tun da aikin ba na gaggawa ba ne, ya fi dacewa a tsara shi a wajen watan azumi.

Maganin zafi kuwa, ana shan shi ne a kan lokaci, ba a jira sai ciwon ya taso ba, kuma an fi so a sha rabin sa'a kafin cin abinci. Farasitamol da ibuprofen su ne aka fi bayarwa. Ba a shan asfirin. A shekarar 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi cewa kada a ba yara kodin bayan wannan tiyata, bayan da aka samu yaran da suka mutu saboda ya danne musu numfashi.

Babban haɗarin shi ne zubar jini. Yana iya faruwa a cikin sa'o'i 24 na farko, amma an fi ganinsa tsakanin kwana na biyar da na goma, lokacin da ɓawon ke faɗuwa kuma mutum ya soma ganin ya warke. Yakan shafi kimanin mutum biyu zuwa biyar cikin 100, kuma ya fi yawa a manya. Wasu sai an sake mayar da su ɗakin tiyata. Mutuwa daga aikin abu ne mai wuyar aukuwa, amma tana aukuwa, kuma galibi ta wannan hanya ce.

Duk jan jinin da ya fito daga baki bayan tiyatar, ko da ya tsaya da kansa, dalili ne na komawa asibiti nan take, domin ƙaramin jini kan zama share fagen babba. A wurin yaro, yawan haɗiyar yawu ko aman jini na iya zama alamar da za a fara gani. Saboda haka wanda gidansa ke nesa da asibitin da aka yi masa aiki, abin da ya fi masa shi ne ya sauka a wurin dangi a cikin gari har mako biyun su cika.

Batun wanzamai

A arewacin Najeriya, da Nijar, da Chadi, da Sudan, da wasu ƙasashen gabashin Afirka, cire belu tsohuwar al'ada ce. Wanzamai kan yi wa jarirai a makon haihuwa, sukan kuma yi wa manyan da ke kukan ciwon maƙogwaro, ko tari, ko rashin cin abinci.

Mai fama da tsakuwa ba shi da abin da zai samu a nan. Belu ba shi da ramuka, ba a jikinsa tsakuwar ke taruwa ba, kuma cire shi ba ya taɓa ta. Likitocin yankin sun daɗe suna karɓar waɗanda aka kawo bayan wannan aiki da zubar jini, ko ruɓewar wurin, ko cutar tetanus, ban da haɗarin ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi.

Idan kuwa askar ta kai ga tonsil kansa, haɗarin ya ninka. Naman na samun jini daga jijiyoyi da dama, kuma babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ba ta da nisa daga bayansa.

Akwai sassan kula da kunne da hanci da maƙogwaro a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999 domin wannan fanni.

Rayuwa babu tonsil

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce ko garkuwar jiki za ta yi rauni. Yawancin bincike bai nuna wata babbar illa ba, domin sauran naman da ke cikin zoben yana ci gaba da aiki. Sai dai wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya bi yara kusan miliyan 1.2 a ƙasar Denmark, ya gano cewa waɗanda aka cire wa tonsil suna ƙanana sun fi samun cututtukan hanyar numfashi daga baya. Nazarin bai tabbatar da cewa tiyatar ce sanadi ba, tun da mai yiwuwa ne yaran da ma sun fi saurin kamuwa da ciwo, amma ya ƙara wa likitoci dalilin yin taka-tsantsan da ƙananan yara.

Wanda aka cire wa tonsil zai iya ci gaba da yin mura da ciwon maƙogwaro jefi-jefi, ko da yake ba da tsananin da ba. Wasu kan ji ɗanɗanon abinci ya canza na 'yan makonni ko watanni, wasu kuma muryarsu ta ɗan sauya kafin ta daidaita, abin da ya kamata mai sana'a da murya, kamar ladani ko mawaƙi, ya tattauna da likita tun kafin aiki.

Tsakuwar kuwa, idan an cire naman gaba ɗaya, ba ta da wurin zama. A 'yan lokuta ƙalilan wani guntun nama da ya rage kan sake tsirowa, ko kuma a samu ƙananan tsakuwoyi a naman da ke gindin harshe, wanda tiyatar ba ta taɓawa.